Nargis: Daga wandon sukuwa zuwa farin sarin majalisa

A watan Fabrairun 2024, Ma'aikatar Yaɗa Labarai ta Indiya ta yi gyara a jerin kyaututtukan da gwamnati ke bai wa finafinai duk shekara. Cikin waɗanda gyaran ya shafa har da kyautar fim mafi ƙarfafa haɗin kan ƙasa, wadda ta daɗe tana ɗauke da sunan Nargis Dutt. An cire sunan, an yi wa kyautar sabon laƙabi marar sunan kowa. Haka aka yi wa wata kyautar mai sunan tsohuwar firaminista Indira Gandhi. Hukuma ta ce shawarar kwamitin daidaita tsari aka bi. Amma matan biyu aminan juna ne, tarihinsu a ɗaure yake da jam'iyyar Congress, gwamnatin da ta yi gyaran kuwa ta jam'iyyar BJP ce, babbar abokiyar hamayyarta.

Gyaran ya zo ne kusan shekara 43 bayan rasuwar Nargis, amma sunanta bai daina zama abin ja-in-ja a siyasar ƙasarta ba. Wanda yake son sanin dalili, ya dubi abin da ta riƙa sawa a jikinta. Tun daga wandon hawan doki na 1949 har zuwa farin sarin da ta shiga majalisa da shi a 1980, kowace sutura tata ta zo daidai da wata muhawara da Indiya ke yi da kanta: wace irin mace ce ta cancanci a kira ta fuskar sabuwar ƙasa, kuma wa ke da ikon yanke wannan hukunci.

'Yar zabiya

An haife ta ranar 1 ga Yuni 1929 a Kalkata, aka raɗa mata suna Fatima Rashid. Mahaifinta ɗan wani gida ne na masu hali daga Rawalpindi, Bahinde da ya musulunta ya ɗauki sunan Abdul Rashid. Mahaifiyarta, Jaddanbai, mawaƙiya ce da ta fito daga zuriyar matan da ake kira tawa'if, wato zabiyoyin da aka horar a kan waƙa da rawa da ladabin zama a fadojin sarakunan arewacin Indiya. A da, 'ya'yan sarauta kan je gidajensu koyon iya magana. Da Turawan Ingila suka rushe fadojin da ke riƙe da su, masu wa'azin gyaran tarbiyya kuma suka taso musu tun ƙarshen ƙarni na 19, sai aka haɗa su da karuwai aka yi musu kuɗin goro. Siliki da zinariya da turaren da a da suke alamar gwaninta suka koma tabo.

Jaddanbai ba ta zauna jiran tsammani ba. Ta koma harkar fim, ta kafa kamfaninta, ta zama ɗaya daga cikin matan farko da suka tsara kiɗan fim a Indiya. A fim ɗinta mai suna Talash-e-Haq na 1935 ne 'yarta ta fara bayyana, tana da shekara 6. Daga baya aka san yarinyar da suna Nargis, kalmar Farisanci da ke nufin wata irin fure. A zamanin da Yusuf Khan ya zama Dilip Kumar, Mahjabeen Bano ta zama Meena Kumari, Mumtaz Jehan ta zama Madhubala, ita sunanta na fim bai ɓoye gidan da ta fito ba.

Uwar ta sa ta a makarantar 'yan mata ta Turanci a Bombai, birnin da yanzu ake kira Mumbai. Tana da shekara 14 darakta Mehboob Khan ya ba ta babban matsayi a fim ɗin Taqdeer na 1943. Ta shigo sana'ar da abu biyu da ba kasafai suke haɗuwa a mace ɗaya ba a lokacin: gadon zabiyanci daga uwa, da Turanci da wayewar 'yar boko. Na farkon shi ne abin da jama'a ke rainawa, na biyun shi ne abin da suke sha'awa kuma suke tsoro.

Ƙasar da ta yi yaƙi da ƙyalle

A Indiyar wancan lokaci tufafi siyasa ce tsantsa. Masaƙun Ingila sun daɗe suna sayen audugar Indiya da arha suna mayar mata da yadi da tsada, har masaƙan gida suka durƙushe. Mahatma Gandhi ya mai da wannan makami. A 1921 an tara tufafin waje an cinna musu wuta a bainar jama'a a Bombai. Ya umarci mabiyansa su riƙa kaɗi da hannunsu, su sa khadi, wani saƙi mai kaushi na gida, har hoton abin kaɗin zare ya hau tutar jam'iyyar Congress. Da aka sami 'yancin kai a 1947, an riga an saba karanta ra'ayin mutum daga abin da ya sa.

Nauyin wannan karatu ya fi faɗawa kan mata. Namiji na iya sa kwat ya tafi ofis ba wanda zai ce ya sayar da ƙasa. Mace kuwa an ɗora mata aikin riƙe al'ada, alamar hakan kuma ita ce sari, ƙyalle guda marar ɗinki mai tsawon fiye da mita 5, wanda ake naɗawa a ƙugu a yafa sauran a kafaɗa. A irin wannan yanayi ne Nargis ta zama babbar jaruma.

Wando da hukuncinsa

Fim ɗin Andaz na 1949, wanda Mehboob Khan ya ba da umarni, ya haɗa ta da Dilip Kumar da Raj Kapoor. Ta fito a matsayin Neena, 'yar attajiri mai hawan doki cikin wando da riga irin na Turawa, mai yin abota da namiji ba tare da ganin aibu a ciki ba. Abokin ya ɗauka so ne. Ita kuwa wani take jira, shi ta aura. Zargi ya shiga gidan auren, ƙarshe ta harbe abokin don kare kanta, aka yanke mata ɗaurin rai-da-rai. Labarin ya tabbatar da cewa ba ta ci amanar mijinta ba, amma duk da haka ya ɗora laifin a kan tarbiyyar Turawa da ta bi. Masu kallo sun cika gidajen sinima don su ga 'yar zamani, fim ɗin kuma ya sallame su da darasin cewa zamanancin ne ya kai ta kurkuku. An sayar da wandon, an kuma hukunta mai sa shi.

Shekara biyu bayan haka Raj Kapoor ya fitar da Awaara. A nan Nargis ita ce Rita, lauyar da ta tsaya gaban kotu cikin baƙar rigar lauyoyi tana kare ɓarawo, tana kuma yi wa alƙalin da ya rene ta tambayoyi kan matar da ya kora da ciki. A fim ɗin nan ne ta fito da kayan ninƙaya, abin da ba a saba gani ba ga jarumar Indiya a 1951. Wannan karon ba a hukunta ta ba. Ita ce mai ilimi, ita ce mai gaskiya, ita ce ta tona asirin babban mutum. Khwaja Ahmad Abbas, ɗan jarida mai ra'ayin gurguzu, na cikin waɗanda suka rubuta labarin, saƙonsa kuma shi ne talauci da zalunci ke haifar da ɓarawo, jini ba ya haifar da shi. Fim ɗin ya karɓu ƙwarai a Tarayyar Sobiyet da Sin da Turkiyya. A 1954 Nargis na cikin ayarin 'yan fim da suka je Mosko, a daidai lokacin da firaminista Jawaharlal Nehru ke neman abota da ƙasashen gabas ba tare da ya ɓata da na yamma ba.

Sai dai ƙofar da Awaara ya buɗe ba ta daɗe ba. A Shree 420 na 1955, wanda sunansa ya fito daga sashe na 420 na dokar laifuffukan Indiya ta wancan lokaci kan damfara, kamar yadda 419 take a Najeriya, an raba mace gida biyu. Nargis ita ce Vidya, ma'ana ilimi, malamar makaranta talaka mai sari marar ado. Jaruma Nadira ita ce Maya, ma'ana ruɗi, mai matsattsiyar riga da sigari a gidan caca. Jarumin, wanda ya shigo birni yana alfahari da haɗa kayan ƙasashe daban-daban a jikinsa ba tare da an tuhumi kishin ƙasarsa ba, shi ne aka ba zaɓi tsakanin matan biyu. Abin da Rita ta haɗa a jiki ɗaya, yanzu an raba wa mata biyu, ta kirki da ta banza, kuma tufafi ne ke shaida wace ce wace.

Mai farin sari

A waɗannan shekaru ne aka fara saninta da farin sari a rayuwarta ta zahiri, har ya zama kamar tambarinta. Zaɓin yana da ban mamaki, domin a al'adar Hindu ja ne launin amarya, fari kuwa na macen da mijinta ya mutu ne. Amma farin yana da wata ma'ana da gwagwarmayar 'yanci ta ba shi: kamun kai, ƙin almubazzaranci, da kusanci da talaka. An sha danganta farin nata da Raj Kapoor, wanda aka san yana son fito da jarumansa mata cikin fararen kaya. Ko da haka ne, farin ya yi mata aikin da ya wuce ra'ayin wani namiji. 'Yar da aka haifa a gidan da ake yi wa gori da ƙyalƙyali ta zaɓi suturar da ba wanda zai iya gorantawa.

Ta yi finafinai 16 tare da Raj Kapoor, soyayyarsu kuma ba ɓoyayya ba ce. Hoton da ya zama tambarin kamfaninsa na R.K., namiji riƙe da goge a hannu ɗaya da mace a ɗaya hannun, daga wani yanayi nasu na fim ɗin Barsaat na 1949 aka ɗauko shi. Amma Raj yana da mata tun 1946, bai rabu da ita ba, dokar auren Hindu ta 1955 kuma ta haramta ƙarin aure. Kamfanin nasa ne, sunan da ke kansa nasa ne. Fitowarta ta ƙarshe a fim ɗinsa ita ce ta Jagte Raho na 1956, inda ta bayyana a ƙarshen labari tana zuba wa wani baƙauye mai ƙishi ruwa. Daga nan ta koma wurin Mehboob Khan.

Taɓo da awarwaro

Mother India ya fito a watan Oktoban 1957, shekara 10 bayan 'yancin kai. Sunan da kansa martani ne, domin a 1927 wata Ba'amurkiya mai suna Katherine Mayo ta wallafa littafi da wannan suna tana nuna cewa Indiyawa ba su isa mulkin kansu ba, hujjarta kuma ita ce halin da matansu ke ciki. Mehboob ya karɓe sunan ya ɗora shi a kan wata baƙauya mai suna Radha.

Nargis tana da shekara 28 lokacin da fim ɗin ya fito, amma ta taka rayuwar Radha tun daga amarci har tsufa. An fara ganinta cikin kayan aure da ado. Surukarta ta ranci rufi 500 a wurin Sukhilala mai ba da bashi da ruwa don yin bikin, shi kuma ya yi amfani da rashin karatunsu ya riƙa kwashe kashi 3 cikin 4 na amfanin gonar. Daga nan adon ya fara zubewa ɗaya bayan ɗaya. Dutse ya danne hannayen mijin, kunya ta sa ya gudu ya bar gida. Shanu suka tafi, ta ɗauki garma a kafaɗarta. Awarwaronta na aure suka faɗa hannun mai bashi. Ambaliya ta cinye amfanin gona, ta je gidansa jikinta duk taɓo tana neman abin da 'ya'yanta za su ci, ya nemi mutuncinta a madadin hatsi, ta ƙi. Ɗanta Birju ya girma da ƙudurin ƙwato awarwaron uwarsa, ya zama ɗan fashi, ya kashe Sukhilala, ya sace 'yarsa ranar aurenta. Radha ta ɗauki bindiga ta harbe ɗan cikinta. Ya faɗi da awarwaron a hannunsa.

An buɗe fim ɗin kuma an rufe shi da tsohuwa Radha tana ƙaddamar da sabuwar hanyar ruwan noma a ƙauyensu, a zamanin da Nehru ya sa manyan madatsun ruwa a gaban shirinsa na raya ƙasa. Saƙon bai ɓuya ba: talaka ya yi haƙuri, gwamnati na tafe, wanda kuma ya ɗauki makami don ƙwatar haƙƙinsa, uwarsa ce da kanta za ta kashe shi. A Andaz mace ta harbe namiji ta tafi kurkuku saboda ta bi tarbiyyar waje. A Mother India mace ta harbe namiji ta zama uwar ƙasa saboda ta kare al'adar ƙauye. Darakta ɗaya, jaruma ɗaya, bindiga a hannu sau biyu.

Fim ɗin ya zama na farko daga Indiya da ya kai zagayen ƙarshe na gasar Oscar a rukunin finafinan harsunan waje. A 1958 Nargis ta ci kyautar gwarzuwar jaruma a bikin finafinai na Karlovy Vary a ƙasar Cekoslobakiya, gwamnati kuma ta ba ta lambar girma ta Padma Shri. Shekara 10 kacal bayan rabuwar Indiya da Pakistan, rabuwar da aka zubar da jinin dubban ɗaruruwan mutane a kanta saboda addini, fuskar da aka yarda ita ce Uwa Indiya ta Fatima Rashid ce, daraktan Musulmi ne, mai kiɗan, Naushad, shi ma Musulmi ne. Fim ɗin ya iso har arewacin Najeriya, inda 'yan kasuwar Labanan suka fara kawo finafinan Indiya tun shekarun 1950, ya kuma shafe shekaru ana maimaita shi a gidajen sinima na Kano. Manomin da ya san bashin da ake biya da kaka bai buƙaci tafinta ba.

Ana cikin ɗaukar fim ɗin a yankin Gujarat wuta ta ƙwace ta kewaye Nargis. Sunil Dutt, wanda ya fito a matsayin Birju, ya kutsa ya fito da ita, ya ƙone a wurin. Shi Bahinde ne da rabuwar ƙasa ta raba iyalinsa da garinsu a yankin Jhelum. Sun yi aure ranar 11 ga Maris 1958, bayan fim ɗin ya fito. Ba da daɗewa ba ta janye daga sana'ar tana kan ganiyarta.

Rana da dare

Fim ɗinta na ƙarshe, Raat Aur Din, ma'ana dare da rana, ya fito a 1967. Ta fito a matsayin matar aure mai larurar ƙwaƙwalwa da ta raba ta mutum biyu. Da rana Varuna ce, mai sari da ladabi. Da dare ta koma Peggy, ta sa rigar Turawa ta nufi gidajen rawa na Kalkata. Vidya da Maya sun dawo jiki ɗaya, amma wannan karon an kira haɗuwar tasu ciwo da ke bukatar likita. Da wannan rawa ta zama mace ta farko da ta ci kyautar gwamnati ta gwarzuwar jaruma ta ƙasa.

Bayan haka farin sarin ya koma kayan aiki. Ita da mijinta sun kafa ƙungiyar Ajanta Arts, suna kai mawaƙa da 'yan wasa bakin iyaka don nishaɗantar da sojoji, sun kuma je Dhaka bayan yaƙin 1971 da ya haifar da Bangaladash. Ta zama uwar ƙungiyar Spastics Society of India mai kula da yara masu larurar shanyewar jiki, a lokacin da iyaye da yawa ke ɓoye irin waɗannan yara a ɗaka. A 1980, watanni kaɗan bayan Indira Gandhi ta dawo mulki, aka naɗa ta a majalisar dattawa ta Rajya Sabha, cikin kujeru 12 da shugaban ƙasa ke bai wa waɗanda suka yi fice a fasaha da ilimi da hidimar jama'a.

A wannan shekara ce ta yi maganar da har yau ake tuhumarta da ita. Ta zargi Satyajit Ray, daraktan Pather Panchali na 1955 wanda duniya ta fi girmamawa cikin masu fim na Indiya, da tallata talaucin ƙasar ga Turawa don neman yabo, tana ganin ya kamata a nuna Indiyar zamani mai ci gaba. Masu fim da marubuta da dama sun mayar mata da martani mai zafi. Abin da ya sa zargin ya yi nauyi shi ne bakin da ya fito. Babu hoton talaucin Indiya da ya zaga duniya kamar nata, da garma a kafaɗa da taɓo a fuska. Bambancin shi ne talaucin Radha ya ƙare da buɗe aikin gwamnati, na Ray kuwa ya ƙare da iyali sun ɗaure kaya sun bar ƙauye ba wanda ya cece su. Wadda ta taso ana auna ta da abin da mutane za su ce ta kai matsayin da ita ce ke auna wasu da abin da baƙi za su gani.

Ba ta daɗe a kujerar ba. A cikin 1980 aka gano tana da ciwon daji, aka kai ta jinya birnin New York na Amurka. Ta dawo gida, ta rasu a Bombai ranar 3 ga Mayu 1981, saura 'yan makonni ta cika shekara 52. An binne ta a maƙabartar Musulmi ta Bada Qabrastan. Kwanaki kaɗan bayan haka aka yi bikin fara nuna Rocky, fim ɗin farko da ɗanta Sanjay Dutt ya jagoranta, wanda 'yan kallo a Kano suka yi wa laƙabi da Ɗan Daba Mai Lasin daga baya. An bar kujera ɗaya babu kowa a zauren domin ta. Mijinta ya shiga majalisar wakilai a 1984 a ƙarƙashin Congress, ya rasu a 2005 yana ministan matasa da wasanni, 'yarsu Priya Dutt ta gaji kujerarsa.

Bayan rasuwarta ne gwamnati ta sa sunanta a kyautar haɗin kan ƙasa. Waɗanda suka yi hakan sun san wadda suka zaɓa: 'yar zabiya Musulma da Bahinden da ya musulunta, matar ɗan gudun hijirar Hindu, wadda ta sa wando da kayan ninƙaya da rigar lauya kafin ta sa taɓon Radha. Daga bikin kyaututtuka karo na 70, wanda aka yi a 2024, ba a ƙara kiran sunan nan a zauren ba.